Rahoton Da Na Rubuta A Kan Mai Sito

Masu bibiyata, ina gaishe ku. Sau uku ina rubuta wannan ina gogewa, domin abin kunya ne, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku da ba ku san fuskata ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, ina ajin ƙarshe a sashen koyon aikin akanta. Tun rasuwar Abbanmu Umma ta koma garinsu, ni kuma aka bar ni a hannun Yaya saboda makaranta. Gidan Yaya ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu. Nawa shi ne ɗan ƙaramin da ke manne da kicin, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Katifa ce a ciki, da teburin guga da na mayar na karatu, sai akwatunan Anti biyu da aka rasa inda za a sa. Anti matar Yaya ce, kuma tsakani da Allah ba muguwa ba ce, sai dai cikinta ya shiga wata bakwai, ta fara auna ɗakina da ido. Ranar nan na dawo na tarar an jingina gadon jariri, yana cikin kwalinsa, a bayan ƙofata. Ba wanda ya ce min komai.

A zangon nan muka fara darasin binciken asusu, wato aikin odita, mai shiga kamfani ya duba ko abin da aka rubuta a takarda shi ne abin da ya faru. Malamar da ke ɗaukarmu 'yar siririya ce mai farin tabarau, kullum cikin doguwar riga mara ado, ba ta ɗaga murya amma ajin mutum sittin kan yi tsit idan ta shigo. Ranar farko ta ce ta gaji da yaye ɗaliban da suka haddace littafi, amma da an aje su gaban manaja mai fara'a sai bakinsu ya mutu. Don haka a darasinta ba jarrabawar hadda. Ta sa an ƙirƙiri wani kamfanin sabulu a cikin kwamfuta, kamfanin da babu shi a duniya, amma yana da komai: rasitai, takardun banki, littafin mai gadi, har da ma'aikata da za mu riƙa tura wa tambaya suna ba mu amsa. Mako takwas za mu yi muna bincikensa, mu rubuta rahoto, rahoton ne makinmu.

Wani ya tambaya su wa ke amsawa. Ta ce an shirya amsoshin tun da wuri, akwai kuma tsohon ɗalibinta da ke taya ta kula da manhajar. Ni dai rabin maganar na ƙarshe kunnena ya riƙe.

Aka raba mu huɗu-huɗu. Na faɗa cikin wasu ƙawaye uku da tun ajin farko suke tafe tare, jaka iri ɗaya, turare iri ɗaya. Babbarsu, wadda ake kira Doguwa, ta dube ni da murmushi ta ce ai sun yi sa'a, an ba su mai ƙwaƙwalwa. Na san fassarar wannan yabon. Suka ɗauki sashen albashi da na banki, masu sauƙi, suka bar min sito da kayan da ke cikinsa. A zauren da suka buɗe mana a waya, hotunan ɗinki sun fi maganar aiki yawa, in na yi tambaya sai ta kwana biyu ba a kula ta ba.

Kullum ƙarfe biyu, in an tashi daga aji, sai in hau ɗakin kwamfuta. Kujerar ƙarshe nake zama, kusa da taga, ƙarƙashin fankar da ke ƙara kamar za ta faɗo. Manajan kuɗi na kamfanin mutum ne mai izza, amsarsa ba ta wuce layi ɗaya. Sakatariya kuwa kullum tana hutu. Sai na zo kan mai kula da sito.

Saƙona na farko a ƙage yake, irin na littafi, na nemi takardun shigar kaya da fitarsu na wata shida. Amsar ta zo da takardun duka, a jere, sannan a ƙasa:

“Ga su nan, ranki ya daɗe. Na ga lokacin cin abinci ne kike aiki. A daure a sa wani abu a ciki, takardu ba sa gudu.”

Na daɗe ina kallon layin nan. Rabon da wani ya lura ban ci abinci ba, na manta. Na san wasa ne, na san an ce kamfanin babu shi. Amma a raina na ce ai hannun mutum ne ya buga wannan, tsohon ɗalibin nan ne, kuma ba dole aka yi masa ya ƙara layin ƙarshe ba.

Daga nan na fara ƙirƙirar tambayoyi. Abin da zan iya gani a takarda sai na tambaye shi. Shi kuma ba ya gajiya. Ya ce shekararsa ashirin da biyu a siton, ya san kowane katan da ƙamshinsa. Ya ce oditocin baya in sun zo ko gaisuwa ba sa yi, ni ce ta farko mai ladabi. Sannu a hankali na fara ƙara nawa layin a ƙasan tambaya. Na faɗa masa fankar ɗakin na damuna. Na faɗa masa yau na zo da takalmin da ke cizona. Wata rana, ban san lokacin da yatsuna suka rubuta masa labarin gadon jariri ba. Ya amsa da cewa haƙuri shi ne abokin aiki, kuma in ina da sauran tambaya a kan kaya yana nan. Ban ga ƙarancin amsar ba. Cewa na yi kunya ce irin ta mai mutunci.

Har kwalliya na fara yi wa ɗakin kwamfuta, jama'a. Mayafina ruwan toka mai ɗan zare a baki, wanda nake ɓoyo don fita ta musamman, shi na koma yafawa ranar Talata da Laraba, don in zauna gaban allo.

A gida kuwa maganar Mai Kemis ce ke ci. Abokin Yaya ne da ke neman aurena, yana da shagon magani a bakin babban titi, ya girme ni da shekara tara. Wata biyar ke nan yana zuwa duk Lahadi da yamma, cikin riga mai guga har tana sheƙi, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Anti ta aje mana shayi ta shige. Zancensa bai wuce tsadar magani da yadda ake gane na jabu ba. Saƙonsa na waya kuwa ko ban buɗe ba na san shi: “Barka da yini. Ya karatu? Allah ya taimaka.” Ba ya ƙari, ba ya ragi. Ba wanda ya ce dole, kar ku ɗauka haka. Umma dai in ta kira sai ta ce ba ta son ta bar ni a raɓe, mutumin kirki ba kullum yake ƙwanƙwasa ƙofa ba. Yaya kuma ya ce shi ba zai matsa min ba, amma abokinsa ba abin wasa ba ne, in gama zangon nan in ba da amsa.

A mako na biyar na ga abin da ban so gani ba. Kowane wata akwai takardar da ke cewa ruwa ya zubo ta rufin sito ya lalata katan talatin ko arba'in, an zubar da su. Dokar kamfanin ta ce mutum biyu ne za su sa hannu a irin wannan takarda, amma hannu ɗaya ne a kai, nasa. Na ce wataƙila sakaci ne. Sai na buɗe rasitan gyare-gyare, na ga an sauya rufin siton gaba ɗaya tun wata na uku, amma ruwan bai fasa zuba a takarda ba har wata na tara. Na duba littafin mai gadi: duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar da sito ke rufe, wata ƙaramar mota na shiga wayam ta fito da kaya.

Na kashe allon na tafi gida a ƙafa, ban ma tsaya jiran mota ba.

Washegari na tambaye shi, a hankali, kamar mai tambayar mara lafiya. Ya ce rufin ne ba a gyara da kyau ba. Na nemi takardar da ya kai ƙorafi. Sai ya rubuto:

“Ranki ya daɗe, matata ta shekara biyu a kwance. Saura wata takwas in yi ritaya. Ke mai tausayi ce, na gani tun ranar farko. Abin da kika ga ya dace, shi za ki yi.”

Wallahi sai da na share hawaye da bakin mayafi, a ɗakin da ke cike da mutane kowa na harkarsa.

Lahadin nan da Mai Kemis ya zo, shirun ya yi min yawa, sai na jefa masa tambaya don kawai a sami abin faɗa. Na ce idan ma'aikacinsa da ya daɗe da shi, mai kirki, ya riƙa ɗibar kaya saboda rashin lafiya a gidansa, ya zai yi? Na ba shi labarin siton sama-sama, ban da nawa ɓangaren. Ya aje kofin shayinsa. Ya ce ya taɓa faruwa da shi, da mutumin da suka buɗe shagon tare. Ya sallame shi, domin shagon magani in amana ta karye, rai ake wasa da shi. Amma har yau shi ke aika wa mahaifiyar mutumin maganin hawan jini duk wata, kuma ba ta san daga ina yake zuwa ba.

“Sati biyu ban iya cin abincin kirki ba bayan na sallame shi,” ya ce, yana kallon kafet. “Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Yayanki.”

Ranar ce na fara lura yana da ɗan tabo a gefen gira. Amma zuciyata tana sito.

Da lokacin miƙa daftarin rahoto ya zo, na rubuta cewa akwai rauni wajen sa hannu a takardun kayan da suka lalace, ana ba da shawarar a gyara. Rufi da motar Asabar ban ambace su ba. Su Doguwa ko karantawa ba su yi ba, suka turo min hoton babban yatsa.

Ranar Litinin Malama ta aiko a kira ni. Ofishinta ɗan tsukuku ne, takardu har ƙasa, da tukunyar fure ɗaya da ta bushe a taga. Ta nuna min kujera, ta juyo da allon kwamfutarta wajena. Ta ce manhajar na nuna mata duk takardar da ɗalibi ya buɗe. Rasitin rufi na buɗe shi sau goma sha ɗaya, littafin mai gadi sau bakwai. A ajin gaba ɗaya mu biyar ne kawai muka haɗa biyun, kuma ni na riga kowa.

“To ina suke a rahotonki?”

Na sunkuyar da kai. Na ce saura wata takwas ya yi ritaya.

Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta buɗe wani shafi ta ce in karanta. Hirar wani ɗan ajinmu ce da mai sito. “Na ga lokacin cin abinci ne kake aiki. A daure a sa wani abu a ciki.” Ta buɗe ta wata. “Ke ce ta farko mai ladabi.” Ta buɗe ta uku, ta huɗu. Matar da ke kwance, wata takwas, haƙuri abokin aiki, duk suna nan, harafi da harafi. Duk wanda ya rubuta tsakanin ɗaya da uku na rana, za a ce masa ya ci abinci. Duk wanda ya rubuta abin da na'urar ba ta gane ba, za a ba shi haƙuri.

Ta ce da gangan aka yi shi mai kirki. A wajen aiki, wanda zai hana odita ganin gaskiya ba mai tsawa ba ne, wanda ke kawo masa ruwan sanyi ne ya tambayi lafiyar yara. Gara mu faɗa ramin a nan, inda ba wanda zai rasa aiki ko ya shiga kotu. Ina jin ta kamar daga nesa. Abu ɗaya ne ke yawo a kaina: in tana ganin takardun da na buɗe, to ta ga takalmin da ke cizona, ta ga gadon jariri. Na ji kamar an yaye min mayafi a tsakiyar kasuwa.

Kamar ta san abin da nake tunani, ta cire tabarau ta ce, “Abin da kika rubuta wanda ba na aiki ba, ba zai fita daga nan ba. Amma ki nemi mutum ki faɗa masa, 'yata. Kin yi shiru da yawa.”

Ta ba ni zuwa Alhamis. Ta ce za ta rage min maki saboda ɓoyewar, ba za ta taɓa na sauran ukun ba. In kuma na sake miƙa shi haka, na faɗi darasin, sai baɗi. Baɗi kuwa kun san ma'anarsa: wata shekarar a ɗakin da ake jira in tashi.

Kwana biyu na yi ina rubutu. Abin mamaki, sanin cewa babu shi bai sa ya yi sauƙi ba. Na jera watannin, na jera adadin katan, na liƙa rasitin rufi da shafukan mai gadi, na rubuta cewa hujjoji na nuna mai kula da sito na fitar da kaya da sunan sun lalace, a miƙa batun ga shugabannin kamfani. Da na kai wannan layin sai da na tashi na wanke fuska. Ranar Laraba da yamma Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba, ya ce Umma za ta zo ranar Asabar, yana so a gama maganar nan tana nan. Na ce to.

Alhamis da safe na miƙa. Ƙarfe biyar na yamma za a rufe kamfanin gaba ɗaya, sai kuma 'yan baɗi. Ban da aikin komai a ɗakin kwamfuta, amma biyar saura kwata sai ga ni a kujerata. Ba kowa, fankar ma an kashe. Na ce bari in karanta hirarmu sau ɗaya, in ga wautata da idona, in rufe.

Sai na ga sabon saƙo daga mai sito, an turo shi tun ƙarfe biyu.

“Wannan ba na'ura ba ce. Ni na rubuta amsoshin mai sito shekara biyu da suka wuce, kuma aikina ne in duba saƙonnin da na'urar ta kasa ganewa. Naki kullum suna faɗowa wajena. Na karanta su duka, ba ni da izinin amsawa, kuma na san ba ni kika rubuta wa ba. Ki yafe min wannan. Rahotonki shi ne mafi kyau da na gani. Takalmin nan, in har yanzu yana cizo, a sa masa auduga ta baya.”

Na karanta sau uku. Haushi ya fara zuwa, wani ya zauna yana karanta cikina ban sani ba. Bayan haushin kuma wani abu ya biyo, wanda ba zan iya ba shi suna ba. Saura minti huɗu. Na rubuta, “Wane ne kai?” na tura. Alamar ana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Ina kallonta har agogo ya cika, shafin ya yi fari, aka rubuta an rufe.

Ina zaune a wurin wayata ta yi ƙara. Mai Kemis ne, kuma ba “barka da yini” ba ce. Ya ce yana bakin ƙofar makarantarmu, ya tuna na ce yau nake miƙa aikin siton nan, ya ga ba rana ce da ya kamata in koma gida ni kaɗai ba. In ban so ba, ba komai, zai wuce. Ya ƙara da cewa ya roƙi Yaya kar a ƙure ni ranar Asabar, amma Yaya bai ce masa e ko a'a ba.

Na ɗauki jakata. A kan matakala na ci karo da Malama tana rufe ofis. Ta ce ta ga saƙon, ta kira mai shi ta yi masa faɗan da ya dace, domin ya karya doka. Ya amsa laifinsa, sannan ya roƙe ta abu ɗaya. Ta ce ta yi ta juya abin tun azahar, amma darasi ya ƙare, ni kuma ba yarinya ba ce. Ta miƙo min 'yar takarda a ninke.

“Sunansa da lambarsa ne. Ki buɗe ko ki yaga, ba zan tambaye ki ba, shi ma na hana shi nemanki.”

Na sauka. Motar Mai Kemis na gefen titi, ya fito ya tsaya a rana yana jirana, hannunsa riƙe da robar ruwa mai sanyi. Sai da muka hau titi ya tambaye ni yadda aka ƙare da mutumin sito. Na ce na rubuta gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya rage ƙarar rediyo, bai ƙara cewa komai ba har gida, ni kuma a karon farko shirunsa bai dame ni ba.

Yanzu da nake rubuta muku, Juma'a ce da hantsi. Anti na kicin, Umma ta kira ta ce gobe da sassafe za ta taso. Takardar na cikin ƙaramin aljihun jakata, inda nake sa katin makaranta. Ban buɗe ta ba. Sau biyu na kai ta bakin kwandon shara, sau biyu na dawo da ita.